Matuƙin Jirgin da Ke Lambun Gwaggo

Har yau a ƙauyen nan, in ana so a ce mutum ya sharara ƙarya, sai a ce ya yi irin ta Gwaggo Mai Almakashi. Abin da ke ƙona rai ke nan. Matar da za ka kai wa yadi ta dube ka sama da ƙasa ta ce tumbinka ya ƙaru, yadin ba zai isa ba, ita ce aka maƙala wa sunan ƙarya. Waɗanda suka maƙala mata kuwa, in aka tara su wuri ɗaya aka matse, gaskiyar da za ta ɗiga ba za ta jiƙa bakin allura ba.

Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a jikin gidanta, da keken ɗinki mai feda, da teburin yanka da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, da igiyar da take rataye kayan da masu su suka ƙi zuwa karɓa. Bayan gidan, a gangaren rafi, tana da lambun da ta gada daga uwarta: fangalin albasa, ɗan tumatir, sai wani ƙaton mangwaro can ƙarshe. Ɗinki yana zuwa yana ɗaukewa. Lambun ne ke ciyar da gidan, don mijinta bawan Allah ne da bai taɓa samun aikin da ya dace da shi ba, bai kuma matsa wa kansa da nema ba.

Tana da ƙuruciyarta aka yi yaƙin da ƙasa ta dare biyu. Sojojin ɓangarorin duka kaki iri ɗaya suke sawa, don daga sito ɗaya suka kwaso kafin su ɓata. Wata rana da hantsi tana ban ruwa, sai ta ji sama ta tsage. Jirgin yaƙi ne aka harbo, ya wuce yana hayaƙi ya faɗa bayan tudu. Can sai ga mutum yana saukowa a hankali ƙarƙashin wata farar lema mai faɗi, duk faɗin duniyar nan bai ga inda zai sauka ba sai mangwaronta. Igiyoyin lemar suka sarƙe a rassa, ya tsaya yana reto, jini na ɗiga daga takalminsa.

Kafin ta wanke hannu maza sun cika lambun, suna tattake mata albasa.

"Malam, kai na wane ɓangare ne?" mai aski ya ɗaga kai ya tambaya.

Mutumin ya motsa baki da ƙyar. "Ruwa," ya ce.

"Ya ce ruwa."

"Ai mun ji. In muka ba shi, ya zamana na wancan ɓangaren ne fa?"

"In kuma namu ne muka hana shi?"

"Tsaya tukuna," in ji maharbi. "Mu wanne ne namu?"

A makon nan babu wanda ya sani. Mai gari ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, ya hau kekensa ya tafi birni tambaya. Sauran suka ga lemar ta yi inuwa mai daɗi, wani ya aika gida aka kawo tabarma.

Gwaggo ta shiga shago ta fito da almakashinta da tsani.

"Ke, maza na shawara," mijinta ya ce mata ƙasa-ƙasa.

"Na gan su. Riƙe min tsanin nan."

Ta hau. Abin da ya cuce ta shi ne hannun sana'a. Tela ba ya fara yanka daga tsakiya, daga baki yake farawa ya bi layi, ita ma haka ta bi igiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya daga gefenta, tsaf-tsaf. Ba ta lura ba sai da nauyin mutumin ya koma gefe guda, ya yi lilo ya dawo ya kwashe ta da tsanin da mijin duka. A kan ƙugunta ya sauka. Ɗingishin da take yi har yau daga nan ne, kuma daga nan aka fara ce mata Mai Almakashi.

Ita da mijin suka jawo shi har kan teburin yanka. Ta cire masa takalma, ta riƙa ɗiga masa ruwa da cokali. Matashi ne, gashin bakinsa ma bai gama yanke shawarar fitowa ba. Ya riƙe mata bakin zane kamar yadda ɗa ke riƙe na uwarsa a kasuwa, kafin la'asar ya cika.

Mai gari ya dawo yana haki da amsar birni: a jira umarni. Gawa dai ba ta jiran umarni, ga zafi. Gwaggo ta miƙa wa mijinta shebur. Ya dubi shebur, ya dubi hanyar da sojoji ke biyowa, ya dubi fuskar matarsa, ya ga tsoron da yake mata ya fi na rundunonin biyu a haɗe. Shi ya wanke mamacin, shi ya haƙa ramin a gindin mangwaro, suka naɗe shi da farar lemarsa suka rufe. Mazan nan da ke kan tabarma duk suka juya baya suna kallon rafi, don gani ma shiga ɓangare ne. Shi ya sa daga baya kowannensu zai iya rantsuwa bai ga inda aka binne shi ba.

Jirgin kuwa ba su jira umarnin kowa a kansa ba. Mai aski ya ɗauke kujerar matuƙin, har yanzu a kanta ake aski. Fiffike ɗaya ya zama rufin garken awaki. Tayoyin suka koma amalanke.

Da yaƙi ya ƙare, waɗanda suka ci suka ce matuƙin nasu ne, gwarzo ne, a girmama shi. Jami'ai suka zo da mota. Wani manomi maƙwabcin Gwaggo, don neman suna, ya ja su har gonarsa ya nuna musu ramin da injin jirgin ya faɗa. Suka yi masa godiya, suka tafa masa, suka kewaye gonar da waya mai ƙaya, suka kafa allo cewa nan wurin tarihi ne, na hukuma ne. Ba su sake dawowa ba. Ƙaya ta cinye gonar. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana zuwa da safe yana leƙen gonarsa ta cikin waya. Gwaggo ta ga abin da aka yi wa mai ramin inji, ta auna abin da za a yi wa mai kabari sukutum, ta ɗinke bakinta. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Babu dai wanda ya tambaye ta, don a ganinsu me mace ta sani game da jirgin sama.

Aka kafa kwamitin tunawa da gwarzo. Kwamiti ya duba ya ga mota ba ta isa bakin rafi, manyan baƙi kuma ba sa tafiya a ƙasa, sai ya yanke cewa matuƙin a bakin tasha ya faɗo. Aka ba magini aikin mutum-mutumi. Magini bai taɓa ganin fuskar matuƙin ba, ya ce a ba shi wanda zai tsaya masa ya riƙa kallo. Duk ƙauyen mutum ɗaya ne ke iya yini a tsaye bai yi komai ba. Haka mijin Gwaggo ya samu aikin da ya dace da shi. Aka zuba shi da siminti, da faffaɗan kunnuwansa da kafaɗarsa mai zubewa, aka kafa a kan kwalbatin tasha, aka kifa masa wani kwanon ƙarfe da aka shafa wa fenti a matsayin hular matuƙi.

Sai gwamnati ta sauya. Sababbin suka ce wane irin gwarzo, ai ɗan tawaye ne, wanda ya harbo shi ne gwarzo. Kwamiti bai ko girgiza ba. Aka sauke kwanon, aka ɗaura wa mutum-mutumin bindigar da aka yi da bututun ruwa, maharbi ya tuna cewa ashe shi ne ya harbo jirgin da bindigarsa ta zomaye. Da gwamnati ta sake juyawa, aka kwance bututu aka mayar da kwano, maharbi ya manta. Magini da ya gaji da fasa siminti sai ya sa wa kayan noti. Daga nan tsarin aiki ya zauna: kwano da bututu suna ajiye a shagon mai shayi, duk ranar da za a yi baƙi shugaban kwamiti zai saurari rediyo da safe ya ji ko su wa ke sama, sannan a ɗaura wanda ya dace. Labarai ma suka yi ta girma. Mazan da suka zauna a tabarma kowa ya zama shi ne ya tare matuƙin da ƙirjinsa.

Mijin ya rasu, ya bar ta da mutum-mutuminsa a tasha. In za ta kasuwa ta gifta takan ce masa, "Kana nan dai inda na bar ka." 'Yarta ta dawo gida da jikoki bayan nata mijin ya mutu, bakunan da lambun ke ciyarwa suka ƙaru. Shugabancin kwamiti kuma ya faɗa hannun ɗan wanta, wanda kowa ke kira Ciyaman, har matarsa.

Gwaggo ta tsufa, tana saka zare da laluben yatsa, ranar da ƙanwar matuƙin ta zo. Saƙo ya riga ta cewa wata baƙuwa na tafe da jami'in hukuma. Da safen nan rediyo ya ƙi faɗin komai sai kiɗan soja, alamar can sama ana kokawa, ba a san wa zai danne wa ba. Ciyaman ya yi gumi ya yi gumi, ya ce don a kuɓuta ta kowane gefe a ɗaura duka biyun.

Baƙuwar dattijuwa ce siririya, da tabarau da sanda. Ta tsaya gaban mutum-mutumi mai kwano a ka da bututu a hannu, ta daɗe tana kallo. Gwaggo na gefe da kwandonta.

"Wannan ba yayana ba ne," matar ta ce.

"Ranki ya daɗe, yaƙi ne," in ji Ciyaman. "Yaƙi yana sauya mutum."

"Har kunnuwa?"

"Iskar sama ce, ranki ya daɗe. Tana buɗe su."

"Bindigar fa? An ce min wannan bindiga ta wanda ya harbo shi ce."

Ciyaman ya ce, "To, ai shi ne jarumtar. Da ya ga maƙiya za su harbo shi, sai ya riga su."

Matar ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko a nan ƙasa yake kwance, aka ce ƙwarai kuwa. Sai ta jingine sandarta, ta durƙusa a kan kwalbatin da ruwan wankin motoci ke bi ta ƙarƙashinsa, ta dafa simintin da tafin hannu, ta fara kuka.

Gwaggo ta tuna gonar maƙwabcinta da wayarta. Ta tuna jikoki. Ta juya za ta tafi, ƙafar ɗingishin ta ƙi. Da aka ja jami'in zuwa shan shayi, ta matsa ta tsaya a kan matar.

"Baiwar Allah, tashi. Wannan mijina ne. Babu komai a ƙasan nan sai kwata."

Matar ta ɗago.

"Rigarki ta ɓalle a kafaɗa," Gwaggo ta ce da ƙarfi don masu kunne. "Zo in kama miki."

Ta bi da ita ta cikin shago, ta ƙofar baya, suka gangara ta tsakanin fangalin albasa har gindin mangwaro. Babu dutse, babu alama, sai ƙasa da aka share tas.

"Ta yaya zan san ke ma ba irinsu ba ce, Yaya?" matar ta tambaya. "Kowa a garin nan ya ce a hannunsa ya mutu."

"Ni na cire masa takalmi. Yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu a manne suke."

Matar ta zauna daɓas a ƙasa. Ta zare takalminta na hagu, sai ga nata yatsun biyu ma a manne. Gwaggo ta duba, ta kau da kai. Suka zauna, ɗaya na kuka, ɗaya na korar ƙuda. Da kukan ya lafa matar ta tambaya ko ya sha wahala, Gwaggo ta ce ya sha, amma ya sha ruwa kafin ya tafi, kuma ba shi kaɗai ba ne. Sannan ta nuna mata gonar waya a tsallaken rafi, ta gaya mata yadda aka yi ta zama haka.

Ƙauye dai ƙauye ne. Matar mai shayi ta hango su daga inda take shanya. Kafin su hauro, magana ta kai kunnen jami'in, ya miƙe yana cewa in har akwai kabari a lambun, gobe ma'aikata za su zo da waya da allo. Ciyaman ya faɗo shagon kamar an koro shi.

"Gwaggo, kin kashe mu! In gwarzo ya koma lambunki, wa zai sake tsayawa a tasha? Mai shayi ya rufe, kwamiti ya rushe, ni kuma in koma wa?"

"Ka koma abin da kake. Da hannun nan na yi maka tsarki, ban ga ciyaman a wurin ba."

"Ki zage ni yadda kike so, ke ma lambun zai tafi. Hanya ɗaya ce. Ki fito gaban jama'a ki ce ƙarya kika yi. Ki ce tsufa ne."

"Ni? In ce na yi ƙarya? A gaban su mai aski?"

"Ko ki faɗa, ko gobe ki leƙi albasarki ta waya."

Ta dubi baƙuwar, don ɗan'uwanta ne ke kwance a wurin, ita ke da ta cewa. Matar ta ɗaure igiyar takalminta a hankali.

"In suka sa waya, ni ma sai da izini zan shiga," ta ce. "Kuma wa zai riƙa share masa wurin? Mu je, Yaya. Ke ki yi taki, ni in yi tawa."

Aka tara jama'a a tasha. Gwaggo ta tsaya ƙarƙashin kunnuwan mijinta, ta dubi tsofaffin da suka rage cikin mazan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, har kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ƙarya na yi," ta ce. "Babu kowa a lambuna sai albasa. Ban taɓa ganin matuƙin jirgi ba. Ƙuguna ma da kansa ya goce."

Ba a sami ko mutum ɗaya ba, cikin waɗanda suka sha inuwar lemar nan, da zai ɗaga baki. Mai aski ma har da girgiza kai, wai tsufa ba shi da kirki. Baƙuwar ta karɓi furannin da jami'in ya riƙo mata, ta ajiye a ƙafar simintin, ta ce yanzu da ta ƙara dubawa ta gane shi, yayanta ne sak, har kunnuwan. Jami'in ya gamsu. Kafin motarsa ta bar tasha rediyo ya daina kiɗa ya sanar da waɗanda suka ci, magini ya ruga da sifanar kwance noti.

Lambun ya tsira. Sunan kuma ya manne. Tun daga ranar, in Gwaggo ta ce hadari ya haɗo sai an leƙa waje a gani. Mata su kawo yadi ta ce ba zai isa ba, su ce a kai wa wani telan ya duba, ita ba a kama maganarta. Jikokinta sun sha dawowa daga makaranta da kumburarren baki saboda an kira su jikokin maƙaryaciya. Mutanen da suka fi kowa yaɗa abin su ne waɗanda ke ɗaura kwano da bututu da hannunsu, ko kunya babu. Ita ba ta taɓa kare kanta ba, don duk ranar da aka yarda da ita, ranar waya za ta zo.

Ƙanwar matuƙin takan zo duk shekara in mangwaro ya nuna. Ba ta zuwa da jami'i, motar haya take hawa. Tana sauka ta gaida Ciyaman, ta ɗaga wa mutum-mutumin hannu, ta ce ta zo awon riga wurin tela. Rigar nan tana rataye a igiyar shago, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya a kafe da allurai. Matar mai shayi ta taɓa tambaya wace irin riga ce wannan da ba ta ƙarewa.

"Gobe zan gama," Gwaggo ta ce, ta ɗauki tabarma, su biyun suka fita ta ƙofar baya.